Ba talaka Littafin Karin Magana yake kira wawa ba

Ranar Lahadin godiyar kaka ce. Gaban majami'a cike da buhunan masara da dawa, ga doya an jera, ga kaji an ɗaure musu ƙafa suna ta fuffuka a gindin bagade. Da mawaƙa suka zauna, sai aka gabatar da baƙon mai wa'azi da aka gayyato daga birni. Ya buɗe Littafin Karin Magana na cikin Littafi Mai Tsarki, sura 10 aya 4, wurin da aka ce ragwanci yakan jawo talauci, hannu mai himma kuwa yakan kawo wadata. Ya karanta har sau biyu, ya rufe littafin, kuma har ya sauka daga mumbari bai ƙara buɗe shi ba.

Wajen awa guda yana kan magana ɗaya: mai hikima a jikinsa ake gani, wawa ma a jikinsa ake gani. Ya ce duk magidancin da ya haura shekara 40 yana zaman haya, to ya zauna ya yi wa kansa hisabi, don akwai wauta a wani wuri. Aka ɗauki amin, har da tafi.

A gefena akwai wani dattijo da na sani tun ina yaro. Ya zo da wake, bai fi tiya biyu ba, a baƙar leda, ya ajiye tsakanin ƙafafunsa. Da aka ce kowa ya kawo godiyarsa gaba, bai tashi ba. Ya miƙa wa jikansa ledar a ɓoye, ya ce ya zagaya ta baya ya ajiye. Mutumin nan damina uku ke nan bai taka babbar gonarsa ba saboda 'yan bindiga. Wani ɗan fili ya ara a bayan gari yake nomawa, kuma kafin gari ya waye ya riga ya fita. In kuka gaisa, tafin hannunsa kamar ɓawon icce. Shi aka kira wawa ranar nan, kuma da sunan Sarki Sulemanu, wanda ake danganta littafin da shi.

Abin ya tsaya mini a rai. Ra'ayina a kai shi ne, Littafin Karin Magana bai taɓa auna hikima da aljihu ba. Wawan da littafin yake ta fama da shi tun daga sura 1 har sura 31, mutum ne wanda ba a isa a ce masa bari ba, da kuɗi ko babu. Wanda ya tsinci aya ɗaya ya mayar da ita bulala a gadon bayan talaka, ya zalunci talakan, ya kuma yi wa littafin ƙarya.

Wa littafin yake kira wawa?

Da Ibrananci aka rubuta shi, kuma kalmarsu ta hokma 'yar'uwar kalmarmu ce ta hikima, wadda muka aro daga Larabci. A wurinsu kalmar ta haɗa har da gwanintar hannu. Bezalel, wanda ya ƙera kayan alfarwa ta sujada a Littafin Fitowa, an ce an cika shi da hikima. Wato mai hikima shi ne wanda ya iya zaman duniya kamar yadda maƙeri ya iya ƙarfe, ya san lokacin bugu, ya san lokacin mayarwa wuta.

Wauta kuwa hawa-hawa ce a littafin. Akwai ɗanyen kai, wanda duk abin da aka gaya masa sai ya gaskata (14:15). Wannan da sauran gyara. Akwai mai taurin kai, wanda hanyarsa ce kaɗai daidai a idonsa (12:15), yana ba da amsa tun bai gama jin magana ba (18:13), yana komawa kuskurensa kamar yadda kare yake komawa ga amansa (26:11). Na can ƙarshe shi ne mai ba'a, wanda in ka tsawata masa sai ya ƙi jininka (9:8).

Ayar da ta fi kama ni ita ce 27:22, domin duk wanda ya tashi a gidan da ake surfe zai gan ta da idonsa. Ta ce ko ka zuba wawa a turmi tare da hatsi, ka sa taɓarya ka yi ta daka, wautarsa ba za ta rabu da shi ba. Gero in ya sha taɓarya, dusa takan fita, a bakace ta bi iska. Wannan mutum kuwa a daka a sake dakawa, dusar tana nan manne da shi. Shi muke nufi in mun ce wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

To, a duba mutanen da labarinsu ya zama abin misali na wauta a Littafi Mai Tsarki. Nabal, a 1 Sama'ila 25, tumaki 3,000 gare shi da awaki 1,000. Sunansa ma wawa yake nufi, matarsa Abigail ce ta faɗi haka da bakinta. Mutanen Dawuda sun tsare masa makiyaya a jeji, ranar sausayar tumaki suka zo neman abin sawa a baka, ya kore su da baƙar magana. Wani baransa ya siffanta shi da abin da ya fi zagi zafi, ya ce mutum ne da ba mai iya yi masa magana.

Rehobowam ɗan Sulemanu ne na cikinsa, ya tashi a gidan mutumin da aka ce ya yi karin magana 3,000. Jama'a suka roƙe shi ya sassauta musu nauyin da ubansa ya ɗora musu. Dattawa suka ce ya saurare su. Ya watsar da maganar dattawa, ya bi ta samarin da suka tashi tare, ya ce ubansa da bulala ya hore su, shi kuwa da kunamai zai yi. Kabilu 10 suka ɓalle daga hannunsa. A Luka 12 kuma, mutumin da Allah ya kira wawa, gonarsa ce ta yi albarka har rumbunansa suka kasa ɗauka, ya ce zai rushe su ya gina manya. Da shi ne ya shigo majami'armu ranar nan, da kujerar gaba za a ba shi.

"Amma ai aya ce, ba shi ya ƙirƙira ba"

Gaskiya ne. Wannan ce amsar farko da wani abokina ya ba ni a bakin ƙofa, kuma ban musa ba. Littafin ba ya raga wa rago ko kaɗan. Ya tura shi wurin tururuwa ya koyi tanadi (6:6). Ya yi masa dariya, ya ce ƙofa tana juyi a kan ƙyaurenta, shi kuwa yana juyi a kan gadonsa, in aka ce ya fita sai ya ce akwai zaki a hanya (26:13-14). A ƙarshen sura 24 marubucin ya ce ya wuce ta gonar rago, ya tarar ƙaya ta cinye ta, katanga ta zube. Kowa ya san irin gonar nan a ƙauyensu, ya kuma san mai ita.

Sai dai cewa ragwanci yana kawo talauci daban, cewa duk talaka rago ne daban. Zazzaɓin cizon sauro yana sa ciwon kai, amma likitan da ya ce duk mai ciwon kai sauro ne ya cije shi, zai kashe mutane.

Littafin da kansa ya san wasu hanyoyin da talauci yake shiga gida. A 13:23 ya ce gonar matalauci tana iya ba da abinci mai yawa, amma rashin adalci yakan share shi. Tsakanin wannan aya da wadda baƙonmu ya karanta sura uku ce kacal, takarda biyu ko uku zai juya. A 11:26 ya ce jama'a sukan la'anci mai ɓoye hatsi, su sa wa mai sayarwa albarka. Ba sai an yi wa ɗan Arewa dogon bayani ba. A kaka manomi yana da bashin taki a wuya, ga kuɗin makarantar yara, dole ya kai masara kasuwa ya sayar yadda aka taya. Mai kuɗi ya saye ya kulle a sito. Sai damina ta yi tsakiya, rumbu ya yi ƙasa, manomin ya dawo ya sayi hatsin da ya noma da hannunsa a farashin da bai taɓa mafarkin sayarwa ba. A cikin su biyun, wa ya fi aiki? Wa kuma ya fi mota?

Littafin ya shiga kasuwa sosai. Ya yi maganar ma'aunin algus, ya ce abin ƙyama ne ga Ubangiji (11:1), ya kuma maimaita a sura 20 a kan masu mudu iri biyu. Mun san su: kwano mai faɗin ciki na saye, da kwanon da aka buga wa gindi ya shige na sayarwa. Har mai saye bai tsira ba. A 20:14 an kwaikwayi bakinsa yana kushe kaya, ba kyau, ba kyau, yana juya baya sai ya shiga cika baki ya sami banza. Duk lokacin da na karanta wannan sai na tuna yadda ake taya akuyar bazawara ranar da aka san ɗanta yana kwance a asibiti.

Kuma littafin bai tsaya a tsakiya ba. Ya ce wanda ya zalunci matalauci ya zagi Mahaliccinsa (14:31). Ya ce gara matalauci mai tafiya da gaskiya da mai dukiya mai karkatacciyar hanya (28:6). A 28:11 ma ya ce mai arziki yana ganin kansa mai hikima, amma matalauci mai fahimi yana ganin cikinsa sarai. Wannan ayar ban taɓa jin an karanta ta ranar tara gudummawar gini ba.

Karin magana ba takardar alkawari ba ce

Ƙalubale na biyu ya fi nauyi, kuma daga bakin masu tsoron Allah yake fitowa. Sukan ce, in ka ce aya tana aiki a nan ba ta aiki a can, ai ka raunana Maganar Allah.

Ina roƙonsu su buɗe sura 26. Aya 4 ta ce kada ka amsa wa wawa bisa ga wautarsa, don kada ka zama kamarsa. Aya 5, wadda take manne da ita, ta ce ka amsa wa wawa bisa ga wautarsa, don kada ya ɗauka shi mai hikima ne. Waɗanda suka jera ayoyin nan ba mantuwa suka yi ba. Da gangan suka ajiye su kafaɗa da kafaɗa, don mai karatu ya gane cewa sanin maganar rabin aiki ne, sauran rabin shi ne sanin wurin da ta dace.

Bahaushe bai kamata wannan ya ba shi wuya ba. Mu ne muke cewa mai nema yana tare da samu, mu ne kuma muke cewa zafin nema ba ya kawo samu. Ba wanda ya taɓa cewa kakanninmu sun yi wa juna ƙarya. Ta farko saurayin da ya kwana har hantsi ake gaya wa. Ta biyu kuwa ta mutumin da ya yi iyakar ƙoƙarinsa ce, kasuwa ta ƙi, yana neman ya zauce. In ka juya su, ka ba rago ta biyu, ka ba wahalalle ta farko, to ka ɓata duka biyun. Littafin ma ya faɗi haka: karin magana a bakin wawa kamar ƙafafun gurgu ne, suna reto ba amfani (26:7).

Tsofaffin fassarar Hausa suna kiran littafin Misalai, daga baya aka koma Karin Magana, kuma duka sunayen sun faɗi gaskiyar abin da yake ciki. Tari ne na maganganun da aka tattara a hankali. Sura 25 ta ce mutanen Hezekiya sarkin Yahuza ne suka kwafi wani sashe, fiye da shekara 200 bayan Sulemanu. Sura 30 ta wani mai suna Agur ce. Sura 31 ta fara da abin da uwar sarki Lemuwel ta koya wa ɗanta, har da cewa ya buɗe baki ya yi magana domin waɗanda ba su da murya. Masana sun daɗe da lura cewa sashen da ya fara daga 22:17 yana kama ƙwarai da koyarwar wani Bamasare mai suna Amenemope. Mutane ne da suka zuba wa duniya ido cikin tsoron Allah, suka faɗi yadda al'amura suka saba tafiya. Saba tafiya kuwa ba ya nufin kullum.

Na ga ɓarnar da rashin gane wannan yake yi. Akwai wata uwa a zumuntar mata wadda ɗanta ya faɗa shaye-shaye. Ta rene shi da addu'a, ta kai shi makarantar Lahadi, ta yi duk abin da uwa take yi. Maimakon a riƙe ta, sai aka riƙa jifanta da 22:6, cewa in ka koya wa yaro hanya ba zai bar ta ba ko ya tsufa, don haka laifin nata ne. Ai mu ma muna cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma wa ya ce duk iccen da aka tanƙwara ba ya karyewa?

Abokan Ayuba su uku irin wannan karatun suka yi. Sun haddace cewa mai adalci yana cin alheri, mugu yana shan wuya, sai suka ga Ayuba zaune cikin toka, suka yanke cewa lalle ya yi wani abu. A ƙarshen Littafin Ayuba, Allah ya ce ya yi fushi da su, don ba su faɗi gaskiya a kansa ba. Marubucin Littafin Mai Hadishi kuma ya ce ya duba duniya ya ga ba kullum mai gudu yake cin tsere ba, ba kullum mai hikima yake samun abinci ba (9:11). Ya ba da labarin wani ƙaramin gari da babban sarki ya kewaye da yaƙi, wani matalauci mai hikima ya cece shi, bayan haka ba wanda ya ƙara tunawa da shi. Duk waɗannan suna cikin bango ɗaya da ayar da baƙonmu ya karanta.

"Kana ba malalata mafaka"

A nan zan sassauta, don akwai gaskiya a ciki. Muna da samari masu jini a jika da suke wuni a gindin bishiya suna lissafin cacar ƙwallo a waya. Muna da magidanta da suke cin bashi don bikin suna. Waɗannan suna bukatar a gaya musu magana mai zafi, kuma littafin yana da ita jingim. Ya ce mai cin bashi bawan mai ba da bashi ne (22:7). Ya ce kada ka tsaya wa mutum lamuni in ba ka da abin biya, don kada a janye gadon da kake kwance a kai (22:26-27). Ya ce dukiyar da aka tara da gaggawa takan zube, mai tarawa kaɗan-kaɗan kuwa tasa takan ƙaru (13:11).

Amma a lura da wanda yake hura wutar wannan gaggawa. In ka tsaya a mumbari ka gaya wa saurayi cewa rashin mota alamar wauta ce, me kake so ya yi ranar Litinin? Lokacin da MMM, wata harkar zuba kuɗi ta yaudara mai alkawarin riba cikin gaggawa, ta rufe asusun mutane a Disamba 2016, waɗanda na sani da suka yi asara ba ragwaye ba ne. Akwai malaman makaranta, akwai ma'aikatan jinya, akwai masu digiri. Kunyar a gan su a baya ce ta kai su. Wa'azin da yake auna hikima da kuɗi, shi yake ƙera irin ɗanyen kan da littafin yake gargaɗi a kai.

"Kai wane ne da za ka gyara wa bawan Allah?"

Ni ba kowa ba ne, kuma ban ce mutumin mugu ne ba. Mai yiwuwa so yake ya zaburar da mutane. Amma littafin da ya riƙe a hannu shi ne ya ce mai fara kai ƙara yakan zama kamar shi ne da gaskiya, sai ɗan'uwansa ya zo ya bincike shi (18:17). Shi ne ya ce tsawatawa a fili ta fi ƙaunar da aka ɓoye (27:5). Mutanen Biriya, a Ayyukan Manzanni 17, an yaba musu ne don sun riƙa bincika Littattafai kowace rana su ga ko abin da Manzo Bulus ya faɗa haka yake. In Bulus bai fi ƙarfin a bincike shi ba, baƙo daga birni bai fi ba. Littafin ya ce tsoron Ubangiji shi ne mafarin hikima (9:10), kuma ni a ganina wanda yake tsoron Allah da gaske ya riga ya yarda akwai wanda ya fi shi sani, don haka gyara ba ta yi masa ɗaci har can.

Bayan kwana biyu na je wurin fastonmu. Na ce, Baba, ina da roƙo. In shekara ta zagayo, ranar godiyar kaka, a haɗa da addu'ar Agur a karatun. Ita ce a 30:8-9, inda ya roƙi Allah kada ya ba shi talauci, kada kuma ya ba shi dukiya, ya dai ciyar da shi da abin da zai ishe shi, don kada ya ƙoshi ya ce wane ne Ubangiji, ko ya rasa ya yi sata ya ɓata sunan Allahnsa. Fasto ya saurare ni har na gama, ya yi shiru, ya ce shi ma wa'azin bai kwanta masa ba, amma baƙo ne, kuma ya ba da gudummawa mai tsoka ga ginin. Ya ce zai kai maganar gaban dattawan ikilisiya.

Daga nan na biya gidan dattijon. Na tarar da shi a ƙofar gida yana ɓare ragowar wakensa a kan buhu. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, Baba, ban gan ka a sujadar tsakiyar mako ba. Ya ce, ɗana, ƙafa ce take damuna. Ban ja maganar ba. Na ciro wayata na karanta masa 13:23, sannan na karanta masa addu'ar Agur. Ya dakata da aikin, ya ce in sake karanta ta farkon. Na sake. Ya ce, wannan ma a cikin littafin take? Na ce tana ciki, Baba. Ya gyaɗa kai, ya ci gaba da ɓare wakensa.

Lahadi biyu ke nan da suka wuce, jikan yana zuwa, shi bai zo ba. Dattawan ikilisiya kuma sun ce za a duba.